Mai Riƙon Igiya a Farin Kwari

Farin Kwari,
ta bayan Getso.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da gwaggonka da mutanen gidanta baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka mata suna gaishe ka. Allah ya tsare min kai a zaune da a tafe, ya raba ka da sharrin hanya da sharrin abokin tafiya.

Na ji har yanzu kana Gwarzo gidan gwaggonka, kai da samarin nan na Kabo, kuna jiran motar da za ta kwashe ku zuwa dajin da ake haƙar zinare. Shi ya sa na yi sauri na ba direban da ke jigilar hatsi ranar kasuwa wannan takarda ya kai maka. Za ka ce me ya hana Baba ya kira ni a waya. Ka san halina. A waya ina buɗe baki fushi yake riga ni fita, kai kuma ka yi ta "to Baba, to Baba," alhali na san "to" ɗin nan taka ba ta wuce leɓe ba. A takarda babu mai katse wani, kuma in tari ya sarƙe ni zan iya ajiye biro in huta.

Ranar da ka durƙusa kana yi min sallama na kau da kai ban amsa ba. Innarka ta ce tunda take zaune da ni ban taɓa ba ta kunya irin ta ranar ba. Ba ƙinka nake ba, Abba. Tsoro nake ji. Za ka shiga cikin ƙasa a wurin da babu wanda ya san ka, ni kuwa na yi rabin rayuwata a cikinta, na san yadda take karɓar mutum ta ƙi mayar da shi. Ina tsoron ka shiga ka kasa fitowa. Wannan kaɗai ne abin da ke tsakanina da kai.

Ka taso ka tarar da garin nan kango ya fi gida yawa, ga ramuka cike da koren ruwa, ga iyaye suna daka wa yara tsawa kada su je bakinsu. Ban taɓa zaunar da kai na ba ka labarin yadda aka yi ba. In ka tambaya sai in ce tsohon zance ne, tashi ka ba akuyoyi ruwa. Na ɗauka in ban yi maka maganar rami ba, rami ba zai shiga ranka ba. Ga shi wasu sun yi maka maganarsa a bakin tasha, sun faɗa maka mai daɗin sun bar sauran. To bari in faɗa maka sauran, ko da na makara.

Kakanka, wanda ka ci sunansa, shi ya sa bakina ba ya iya kiranka sai da Abba, mai haƙar rijiya ne, mutumin Masanawa. A lokacin nan babu gari a wurin nan, kwari ne kawai da Fulani ke sauka da rani. Su suka kira shi ya haƙa musu rijiya. Ya yi ta haƙa, ya wuce jar ƙasa, ya wuce marmara, maimakon ya tarar da danshi sai ya faɗa kan wata farar ƙasa mai laushi kamar garin rogo. Ya ci gaba, ita ce dai. Ya fito ransa a ɓace, don mai haƙar rijiyar da bai samu ruwa ba ba shi da bakin magana. Kakarka da ta kawo masa fura ita ce ta ƙulle kaɗan a gefen zane, ta je ta jiƙa ta shafe ɗakinta. Kafin mako ya zagayo matan unguwa sun hana ta sakat, kowacce tana so a samo mata. Ashe garin nan mace ce ta fara gane arzikinsa, ko da yake in ka tambayi mazan da suka rage ba haka za su faɗa maka ba.

Da jaki ɗaya aka fara. Kakanka ya cika mangala ya kai kasuwar Getso, iyayen amare suka wawashe. Ya kai Gwarzo, ya kai Kabo. 'Yan'uwansa suka biyo shi, aka kafa bukkoki a bakin kwarin, bukkoki suka zama ɗakunan ƙasa. A nan aka haife ni, ni da yayana Garba, Allah ya jiƙansa. Ina saurayi motocin tifa suka fara zuwa daga Kano, aka ce masu yin fenti da allin makaranta ne ke nema, kuma ba sa ƙoshi. Daga nan gari ya buɗe. Mutane suka yi ta kwarara daga ƙasar Katsina, wasu har daga Nijar. Aka yi kasuwa, aka yi masu shayi, aka yi mahauta da ke yanka kullum ba sai ranar kasuwa ba. Inda kake ganin tumfafiya ta cika yanzu, gaban masallaci, nan layin masu tuwo yake.

Komai a garin fari ne. Baƙar akuya in ta kwana biyu a nan mai ita ba ya gane ta. Wani baƙo ya taɓa tambayar liman me ya sa yaran garinmu ke yin furfura tun ba a yi musu kaciya ba. Mun yi dariya, mun ji daɗi, muna ganin babu ya mu. Ina faɗa maka wannan ne don kada ka ɗauka ban san abin da ke jan ka ba. Na sani sarai. Na san daɗin fitowa daga rami da yamma, jiki ya yi likis, aljihu da nauyi, a je a zauna wurin mai tsire ana yi wa manoma kallon masu wahala.

Abu na farko da muka yi kuskure a kansa gona ce. Kakanka bai taɓa barin noma ba. Ruwan farko yana sauka zai jingine diga ya ɗauki fartanya, ko da tifa na tsaye tana jira. Mu samari muka ga wannan ɓata lokaci ne. Ni da kaina na ce masa, "Baba, abin da gonar nan za ta ba mu a shekara, rami zai ba mu kafin gero ya yi kai."

Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wadda kuke ɗiba a ƙasa in ta tafi ta tafi ke nan. Ta saman nan ita ce kullum za ka dawo ka tarar."

Na ce masa to, irin "to" ɗin nan taka. Bayan rasuwarsa ba noman kawai na bari ba, har tarkacen ramin da dillalai suka ƙi saya na riƙa jibgewa a gefen gonar, don ta fi kusa. Ka san farin fegin nan na gabas da muke zuba wa taki shekara da shekaru ko ciyawa ba ta fitowa. Hannuna ne ya yi shi. Garin manoma guda muka koma sayen tsaba a kasuwa, muna alfahari da hakan. Don haka ina gaya maka, duk abin da ka samu a can, da ka ga hadarin farko ka tattaro ka dawo gida. Ba don gona kaɗai ba. Ƙasar da ta sha ruwa ba ta riƙe kanta, kuma yawancin waɗanda na san rami ya rufta da su, da damina ne.

Na biyu shi ne ginshiƙi, kuma ina so ka karanta wannan a hankali. Ramin farar ƙasa ba miƙewa yake yi kawai kamar rijiya ba. In an kai ga farar, sai a riƙa bin ta ta gefe, ana yin lunguna a ƙarƙashin ƙasa, mutum yana tafiya a sunkuye da fitila. Dokar kakanka ita ce, in an ɗan yi nisa sai a bar wani yanki a tsaye ba a taɓa shi ba, mai kauri kamar rumbu, shi ke riƙe da rufin. Shi muke kira ginshiƙi. Bayan kakanka aka naɗa Malam Ila Sarkin Rami, wato shugaban mahaƙa, shi ke shiga yana dubawa. Mutum ne mai faɗa, ba ya dariya, muna kiransa Damina a bayan idonsa saboda yawan tsawa.

Shekaru suka tafi, mai kyau ta fara wuya. Lungunan suka yi nisa, abin da ake fitowa da shi ya fara ja-ja, dillalai suna murza shi a yatsa suna yatsina fuska. Ga ginshiƙan nan kuwa a tsaye, farare tas, tun na zamanin da ƙasar ke da kyau, kullum muna wuce su da kwanon sarki a ka. Babu wanda ya taɓa cewa mu rushe ginshiƙi. Wa zai faɗi haka? Aski muka riƙa yi musu. Kowa in zai fita sai ya kankari kwano ɗaya ya zuba a saman kayansa don dillali ya ga fari. Kwano ɗaya me zai rage wa abu mai kaurin rumbu? Na yi, Garba ya yi, wanda ke jan mu salla a bakin rami ma ya yi.

Wata rana Malam Ila ya tara mu. Ya ce, "Na shiga ramin yamma. Ginshiƙin da nake zagayawa da, yau na rungume shi hannuwana sun haɗu. Wane ne?"

Wani daga can bayan taro ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kowa ɗan kaɗan yake ɗiba."

Ya ce, "To ku ji. Ni ba zan sake shiga ba. Wanda ya shiga, ya yi sallama da iyalinsa tukuna."

Muka ce tsufa ne ya kama shi. Dillalai ma suka ce a samo wani Sarkin Ramin mai jini a jika. Aka ci gaba da aski.

Ranar wata Juma'a ce, Allah da ikonsa, yawancinmu mun tafi Getso masallaci. Muna dawowa muka hango ƙura ta tashi fara fat kamar an zazzage buhun gari a sama. Ramin yamma ne ya zauna. Ashe lungunan sun bi ta ƙarƙashin kasuwa ba mu lura ba. Rumfunan mahauta suka nutse, turken jakuna ya tafi da jakunan, bangon masallaci ya tsage, tsagar da har yau kake gani an toshe da siminti. Akwai mutanen da ba su je Juma'a ba don suna so su cika mota. Mun yi kwanaki muna tono. Wasu mun same su mun yi musu sutura, wasu suna nan ƙarƙashin inda kuke buga ƙwallo kuna yara, shi ya sa nake korar ku daga wurin ba na faɗin dalili.

Abba, a can inda za ka ma akwai ginshiƙi, ko da wani suna suke kiransa. Ko ƙasa suke bari, ko itace suke tokarawa. Ranar da ka ga an fara taɓa shi, ko da da farce ne, ka fito. Kada ka tsaya gardama, kada ka tsaya jiran rabonka, kada ka ji kunyar a ce maka matsoraci. Kuma in akwai wani tsoho mai faɗa da kowa ke yi wa dariya, ka matsa kusa da shi. Ni na yi wa nawa dariya, na kuma je jana'izarsa ina jin nauyin haɗa ido da 'ya'yansa.

Bayan wannan gari ya fara zubewa. Ba rana ɗaya aka watse ba. Mai shayi ya ɗaure teburinsa a mota, mahauta suka koma yanka ranar kasuwa, daga baya kasuwar ma ta daina ci. Motoci suka ragu, aka ce sun samu wani wurin da ƙasar ke kusa da sama. Waɗanda suka zo daga nesa suka koma, suka bar ɗakuna a buɗe, damina ta yi ta cin su. Mu 'yan asalin wurin muka waiwayi gonakin da muka wulaƙanta. Amma ba a daina haƙa gaba ɗaya ba. Ramukan gabas suna nan, ana ɗan taɓawa, kuma a wannan ƙarshen ne muka yi kuskure na uku, wanda ya fi tsaya min a rai.

Tun zamanin kakanka akwai ƙa'idar igiya. Duk wanda zai sauka, ana ɗaura masa igiya a ƙugu, ɗaya bakin yana hannun wani a sama. Kuma ba kowa ke riƙewa ba, sai jininka: uba, ko ɗa, ko wa, ko ƙane. 'Yan gida ɗaya ba sa sauka tare, ɗaya yana ƙasa ɗaya yana sama. Wanda ya zo ba shi da kowa, sai an haɗa shi da wani gida, su ci abinci kwano ɗaya, a san shi a san garinsu, kafin a yarda ya sauka. Aikin mai igiya ba jan guga ba ne. Aikinsa kira. Jim kaɗan ya leƙa ya kira sunanka, ka amsa. Jim kaɗan ya sake. Dalili shi ne, a can ƙasa akwai lokacin da iska ke mutuwa. Ba ta wari, ba ta ciwo. Fitila ce za ta fara yin ja, kai kuma sai wani daɗi ya lulluɓe ka, ka ji babu abin da kake so kamar ka ɗan kishingiɗa. Wanda abin ya kama ba ya sanin ya kama shi. Sai na sama ne zai ji muryarka ta sauya.

Ya taɓa kama ni. Garba ne a sama. Ya kira ni na amsa. Ya sake kira, ni dai a nawa jin na amsa masa da kyau, har ina cewa ya ƙyale ni in huta. Shi kuwa ya ce abin da ya ji kamar mai magana cikin barci ne. Bai tsaya tambaya ba, ya kira mutane suka fizgo ni, bayana yana gurzar bango tun daga ƙasa har sama. Tabon nan da kake gani a gadon bayana in ina wanka a bakin rijiya, wanda na ce maka faɗuwa na yi daga kan jaki, shi ne. Da na farfaɗo, maimakon godiya faɗa na kama shi da shi, wai ya sa na bar kayana a ƙasa, ya kuma kunyata ni a gaban mutane.

Ya ce, "Yi ta faɗanka. Da in je in gaya wa Inna na bar ka a ciki, gara ka shekara ba ka gaishe ni ba."

Ka ga abin da ya sa aka ce sai jini. Bare yana iya kiranka sau ɗaya, sau biyu, in rana ta yi zafi ya koma inuwa, ba don mugunta ba. Wanda zai je ya fuskanci uwarka shi ne ba ya gajiya da kira.

To da abubuwa suka taɓarɓare, sai aka fara ganin mai igiya a matsayin mai cin banza. Yana zaune a sama, ba ya haƙa, kuma a raba da shi. Aka ce kowa ya sauka, a ɗaure igiyoyin a turke, in mutum ya gama ya kamo tasa ya hau. Na ji wannan shawara da kunnena, ban ce uffan ba, don a lokacin Garba ya kwanta da ciwon ƙirjin da ya zama ajalinsa, ni ma ina neman abin da zan kai gida biyu, nawa da nasa.

Akwai wani saurayi da ya zo a ƙarshe-ƙarshen nan, kamar sa'arka yanzu. Dogo, mai fara'a, yana da wushirya. Mun ji harshensa irin na yamma ne sai muka riƙa kiransa Bakatsine, shi ma yana amsawa. Ya yi kusan shekara a cikinmu. Mun ci tuwo tare, ya taya ni gyaran dangar gidan nan, ya taɓa ɗaukar ka a kafaɗa kana ƙarami ya zagaya da kai kana jan kunnensa. Wata rana da hantsi ya sauka ramin gabas, igiyarsa a turke. Aka yi azahar ba a gan shi ba, kowa ya ɗauka yana wani ramin. Sai da la'asar wani ya lura da takalmansa a ajiye. Muka jawo shi. Babu rauni ko ɗaya a jikinsa. Ya kishingiɗa ne kawai, hannunsa a ƙarƙashin kumatu.

Da aka gama yi masa wanka, dagaci ya ce, "To, a aika wa iyayensa. Wane gari ne?"

Muka dubi juna.

Ya ce, "Sunan mahaifinsa fa?"

Babu wanda ya sani. Sunansa na yanka ma aka yi ta gardama, wani ya ce Lawal, wani ya ce Lawal wani ne daban da ya riga ya tafi. Aka bincika jakarsa, riga biyu ce da carbi da wani ɗan zanen atamfa sabo a naɗe, da alama tsaraba ce ya saya wa wata. Aka aika cigiya kasuwanni ta bakin direbobi, babu wanda ya zo. Yana nan a maƙabartarmu, daga gefen kukar nan. Zanen yana cikin akwatin innarka har yau, ta ƙi ɗaurawa ta ƙi bayarwa, wai ko mai shi za ta zo. A ranar dagaci ya hana haƙa, kuma daga ranar Farin Kwari ta zama abin da ka sani.

Shekara da shekaru in na wuce kabarin nan sai in tuna akwai wata tsohuwa a wani gari da ba ta san ta daina jira ba. Tun ranar da ka ce min za ka tafi, ba kabarin nake gani ba, kai nake gani. A can kai ne baƙon. Za su ji harshenka su ce maka Bakano, ka amsa, a yi ta raha. Don Allah, ranar da ka sauka, ka samu mutum biyu ko uku masu hankali ka faɗa musu sunanka na yanka, da sunana, da sunan garinku, ka ce ta bayan Getso ne a ƙasar Gwarzo. Ka maimaita musu har su gaji da kai. Kai ma ka tambayi nasu ka riƙe.

Na tambayi ɗaya daga cikin samarin da suka dawo daga can, na ce wa ke riƙe muku igiya. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai kowa ta kansa yake yi." Tun da na ji wannan abinci bai ƙara yi min daɗi ba. Na zauna na duba. Hana ka dai na kasa, kuma ba zan yi maka baki ba, Allah ya kiyaye. Ka girma, kana so ka yi aure, kana ganin gonar da ta rage ba za ta ɗauke mu duka ba, kuma ba ƙarya ka yi ba. Ba ka da wa, ba ka da ƙane namiji. 'Ya'yan Garba suna Legas. Na lissafa jininka da zai iya zama a bakin rami, na ga saura mutum ɗaya.

Na faɗa wa innarka jiya da rana tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta ce, "Malam, da wannan ƙirjin naka? Kai da ba ka iya hawa tudun masallaci sai ka tsaya?"

Na ce, "Ba haƙa zan yi ba. Zama zan yi."

Ta ce, "In abin ya zo, da wane ƙarfin za ka jawo shi?"

Na ce, "Masu ƙarfi ba sa wuya a wurin. Wanda zai san lokacin da za a kira su shi ne babu."

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce in zan tafi in tafi da bargo, ta kuma tashi ta shiga ɗaki, na ji tana fyace hanci.

Don haka ga abin da nake roƙonka, kuma roƙo ne, ban ce umarni ba. Ka tafi. Na yafe maka, na sa maka albarka, wadda na hana ka ranar da ka durƙusa. In kun isa, ka yi kowane aiki na sama: ɗaukar kaya, wankin ƙasa, ɗebo ruwa, ko me suka ba ka. Za su yi maka dariya, za ka ga waɗanda kuka zo tare sun riga ka samu. Ka daure. Dawa ta kusa isa yanka. Da na yanke na ɗaure na zuba a rumbu, na bar wa innarka da ƙannenka abin da za su ci, zan hau mota in zo. Ka turo min kwatancen wurin ta hannun gwaggonka. Ban san hanya ba, ban taɓa wuce Funtuwa ba, amma ina da baki zan tambaya.

Na san za ka ji kunya a ce ga wanda ubansa ya biyo shi daji. Ka ji kunyar, ba ta kisa. Ba zan sa maka baki a harkarka ba, ba zan tambaye ka abin da ka samu ba, ba zan hana ka zama da abokanka ba. Zan shimfiɗa buhu a bakin ramin in zauna da igiya a hannu, in riƙa kiranka kana amsawa. Diga ta fi ƙarfina yanzu, amma kunnena lafiya lau, kuma na san muryarka tun ranar da ka fara kuka. In ta sauya zan ji.

Allah ya kai ku lafiya. Allah ya tsare ku daga miyagun hanya da miyagun daji, ya sa ƙasar da za ka taka ta yi maka sanyi, ya ba ka halal mai albarka, ya nuna wa innarka ranar dawowarka da idonta. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka gaishe min da gwaggonka, ka ce na gode da ɗawainiya.

Abba, kada ka shiga rami sai na zo.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.